Yadda na koyi aikin ziyarar gida, da abin da na tarar a tsakar gidajen mutane

Mutane da yawa in na ce musu aikina shiga gidaje ne wajen yara 'yan ƙasa da shekara uku sai su ɗauka ɗigon foliyo nake yi, wasu ma kai tsaye suke tambayata me ake rabawa, kuɗi ne ko gidan sauro. Ba a raba komai wallahi, uwa nake nuna wa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta. Abin da ke cikin jakata gwangwanayen madara ne da aka wanke aka daddanne bakinsu, da murafen robar lemo, da 'yar tsana ta ƙyallen tela, da ɗan littafi mai hotuna zalla ba rubutu. Shi ya sa na ga gara in zauna in faɗi yadda abin yake tun daga farko, don akwai 'yan uwa mata da ake kira irin wannan aiki su ƙi zuwa saboda ba su gane kansa ba, akwai kuma magidanta da ke hana mu shiga, su ma dalilin kenan.

Wata ƙungiya ce da ke aiki tare da ƙaramin asibitin unguwarmu a nan bayan garin Zariya ta nemi mata 'yan unguwa. Sharaɗin dai ki iya karanta Hausar boko sosai, a san ki a san gidanku, mai unguwa kuma ya sa miki hannu. Ba a nemi digiri ba, ba a nemi takardar nas ba. Ni sakandare na gama, ina koyar da ƙananan yara a Islamiyya da yamma, unguwarzomar da ta karɓi haihuwata ta biyu ce ta ce in kai sunana. An yi mana 'yar ganawa kuma tambayoyin ba na karatu ba ne sam, wai in kin shiga gida kin tarar uwa tana dukan ɗan shekara ɗaya da rabi don ya kifar da kunu me za ki yi, in uwar miji ta ce ki fice mata daga gida me za ki ce. Haƙurin mutum da bakinsa suke aunawa.

Ranar da aka fara horo, malamar da ta koyar da mu, wata dattijuwa da ta daɗe a aikin lafiyar yara, ta tambaye mu yaushe yaro ke fara koyo. Wata ta ce in ya fara magana, wata ta ce bayan yaye, wata ta ce sai an sa shi makarantar allo. Ba ta yi gardama da kowa ba, sai ta ba mu labarin Jamaika, kuma zan ba ku shi yadda yake don duk aikin nan a kansa ya tsaya.

Tsakanin 1986 da 1987, a unguwannin talakawa na birnin Kingston, wata likita mai bincike Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta na Jami'ar West Indies suka zaɓo yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda duk sun tsumbure, tsayinsu bai kai na sa'anninsu ba saboda rashin abinci mai gina jiki. Aka raba su kashi huɗu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya ana kai musu madara kilo ɗaya duk sati, kashi ɗaya ma'aikaciyar lafiya ta unguwa tana zuwa gidansu sau ɗaya a sati ta yi awa guda tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa da hannu, kashi na uku aka haɗa musu biyun, na huɗu kuma ba madara ba wasa sai dai kulawar lafiya da aka ba kowa. Shekara 2 ana yi. Da aka gama sai aka ga madarar ta yi amfani, wasan ma ya yi, waɗanda suka samu duka biyun su suka fi kowa ci gaba. To amma masu binciken ba su saki yaran nan ba, suka yi ta bibiyarsu suna girma, sai ga shi tasirin madarar yana dusashewa na wasan kuma yana nan daram. Da suka kai wajen shekara 22 aka duba abin da suke samu a wajen neman abincinsu, waɗanda aka yi wa ziyara suna samun ƙarin kashi 25 cikin ɗari a kan waɗanda ba a yi wa ba, an buga wannan a mujallar Science a 2014, cikin waɗanda suka rubuta har da James Heckman mai kyautar Nobel ta tattalin arziki. Da suka kai 31 aka sake komawa, tazarar ta kai kashi 37.

Wata a cikinmu ta ce Malama ashe kuɗi za mu je mu raba wa mutane ba mu sani ba, aka yi dariya, amma Malama ba ta yi ba. Ta ce yaran nan 129 ne kacal, kuma waɗanda suka yi musu ziyarar an horar da su sosai ana duba aikinsu ba dare ba rana, don haka kar ta ji wata ta shiga gidan mutane ta yi musu alƙawarin ɗansu zai yi arziki. Abin da za mu iya faɗa da gaskiya shi ne ƙwaƙwalwar yaro a shekarun nan na farko tana ginuwa da sauri fiye da kowane lokaci a rayuwarsa, kuma hira da wasa da amsa masa in ya yi gwalantu suna cikin kayan ginin. Na riƙe wannan gargaɗin sosai, don mutanenmu an sha yi musu alƙawari ba cikawa, in ka ƙara ɗaya ka rufe wa na bayanka ƙofa.

Sauran kwanakin horon kusan duk gwaji ne. Mu uku-uku, ɗaya uwa, ɗaya yaro, ɗaya mai ziyara, sai a ce ga ɗan wata goma sha huɗu, ga gwangwani ga murafe, bismillah. Dokar da ta fi ba kowa wahala ita ce in kin nuna sau ɗaya ko biyu ki janye hannunki ki bar uwa ta yi. Da wuya fa, don ke kin iya, yaron ya fara sakin jiki da ke, kina ganin uwar tana yi a gaggauce ko tana ƙwace murfin daga hannunsa ta jefa masa da kanta, hannunki har ƙaiƙayi yake. Malama ta ce duk wadda ta taɓa koya wa amarya tuƙin tuwo ta sani, muddin muciyar tana hannunki ba ta koyi komai ba. Ke awa ɗaya za ki yi ki tafi, ita ce take tare da shi sauran satin gaba ɗaya, in yaron ya so ki ya saba da ke amma uwar ba ta ƙaru da komai ba to aikin banza kika yi. Doka ta biyu yabo, kuma ba yabon baka na madalla kawai ba, ki faɗi takamaiman abin da ta yi daidai, kin ga yadda kika jira shi ya gwada da kansa, kin ga da kika kira sunan abin ya ɗago ya kalle ki. Mata da yawa a gidajen nan tun da suka haihu ba wanda ya taɓa ce musu sun iya wani abu a reno, gyara kawai suke ji daga kowa.

Kayan wasan mu muke haɗawa. Robar ruwa da tsakuwa a ciki a liƙe murfin gam ta zama kacau-kacau, kwalin taliya a yanka shi gida uku a zana mangwaro ya zama abin haɗawa, gwangwanaye manya da ƙanana na jerawa, mota ta kwalin ashana babba da murafe. An tsananta mana a kan abu guda, duk abin da zai iya shigewa bakin yaro ya maƙale ba ya zuwa wajen ɗan ƙarami, bakin gwangwani kuma sai kin shafa da yatsanki kin tabbatar ba kaifi. Kowane wata na shekarun yaro akwai wasanninsa a littafin da aka ba mu, amma an ce mu bi yaron kar mu bi littafin ido rufe, in abin ya fi ƙarfinsa ki koma baya, in ya yi masa sauƙi ki matsa gaba.

Kafin mu taka gidan kowa sai da aka je wajen mai unguwa, shi kuma ya kira liman da wasu dattawa aka baje kayan jakar a gabansu suka jujjuya suka gani da idonsu. Wannan matakin in an tsallake shi an gama lalata aikin, don tambayar farko da ke zuciyar kowa ita ce ko wata hanya ce ta tsarin iyali aka ɓoye, ko sunayen yara ake tarawa a kai wani wuri. Bayan nan kowane gida sai an samu maigida. Ni da yamma nake aika yaro ya yi min sallama da shi a zaure, in gaishe shi, in ce Malam izini nake nema in riƙa shigowa wajen iyalinka sati-sati, ba magani ba allura, ga abin da ke jakar. Wasu nan take su ce Allah ya ba da lada. Wasu su ce sai sun yi shawara, ka san da Hajiyarsu ce. Wani ya ce min shi ba wanda ya yi masa wasa da gwangwani kuma ga shi ya girma yana ciyar da gida, na ce gaskiya ne Malam, amma ka bar ni in zo sau biyu kana gida ka gani, in bai yi maka ba ka sallame ni. Bai sallame ni ba.

Ita ziyarar kanta ga yadda take. Kin yi sallama, kin gaida kowa daga babba zuwa ƙarami, kar ki kuskura ki wuce ɗakin uwar miji ko na uwargida ki zarce wajen wadda kika zo dominta. A shimfiɗa tabarma, ki zauna a ƙasa daidai da yaro. Sai ki tambayi yadda wasan makon jiya ya kasance, ta nuna miki, sannan ki fito da sabon, ki bar yaron ya jujjuya shi ya sa a baki ya buga a ƙasa tukuna, sai ki nuna, sai uwa ta karɓa. A duba hoto a littafi, ina akuya, me akuya take cewa. A yi 'yar waƙa da tafi. A ƙarshe ki ce ta maimaita miki abin da za su yi kafin ki dawo, ki bar musu kayan wasan aro ki karɓi na wancan satin. Abin da ya fi muhimmanci ma ba ya buƙatar kayan jaka, wato ta riƙa yi masa magana tana aikinta, ga ruwa, ruwan da sanyi, miƙo min ludayi, wannan albasa ce. Uwa ɗaya ta ce min Anti ai sai a ce na zare, ina hira da wanda bai san me nake cewa ba. Na ce gwada ki kira sunan kofin nan duk sanda za ki ba shi ruwa, ki gani. Bayan 'yan makonni ita da kanta ta tare ni tun daga ƙofa tana cewa in ta ce ina kofi sai ya rarrafa ya ɗauko.

Abin da littafin bai shirya mu a kansa ba shi ne kunyar ɗan fari. Yarinya 'yar shekara sha bakwai sha takwas, haihuwar farko, ta dawo daga wankan gida, tana zaune a gidan surukai, ba ta kiran sunan yaron, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane sai in nono za ta ba shi shi ma a ɗaki, ke kuma kin zo kin ce ta kalle shi cikin ido ta yi masa dariya ta yabe shi a tsakar gida gaban uwar mijinta. Sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi, ko motsi. Mun kai maganar wajen taronmu na wata, wata ta ce a gaya musu al'adar nan ta tsufa, ni kam ban yarda ba, kuma har yanzu ban yarda ba. Kunyar nan tarbiyya ce aka yi musu, ita ce mutuncinsu a gidan, ba ni da hurumin in zo daga waje in tuɓe mata shi cikin awa ɗaya. Abin da ya yi min aiki shi ne mu shige ɗakinta mu saki labule, a can za ki ga wata mace daban, tana yi masa wasa tana kiransa da laƙabin da ta raɗa masa wanda ba wanda ya sani. A tsakar gida kuma sai in jawo kakar. Ai mu Hausawa muna da wasan kaka da jika tun fil azal, tsohuwa ta ce wa jikanta mijina ka kawo kuɗin cefane, ta ce wa jikanya kishiya kin zo ƙwace min miji, ta yi ta tsokanarsa yana ɓangala dariya yana mayar mata da gwalantu. To wannan ɗin shi ne dai abin da aka rubuta a littafin, sai dai su ba su san sunansa a boko ba. Ranar da na ce wa wata tsohuwa Iya abin nan da kike yi masa shi ne aka tara mu aka koya mana, ta gyara zama, daga ranar ta zama ita ke tuna wa surukarta lokacin wasa. Haka yayyen yaro masu goyonsa, 'yan shekara bakwai takwas da ke yini da shi a baya, su ma ina zaunar da su a tabarmar don a gidaje da yawa su ne suka fi kowa daɗewa tare da shi.

Akwai gidan da na yi ta zuwa abin ba ya tafiya. Matar ba ta yi min musu, duk abin da na ce sai ta ce to, amma kayan wasan inda na ajiye nan nake tarar da su, yaron yana kuka tana kallon bango, ta rame, ba ta kitso, in na yi yabo ko murmushi babu. Wata rana ban buɗe jakar ba sam, na ce ƙanwata yau ke na zo gani, ya jikinki, kina samun barci kuwa. Ta daɗe shiru sannan hawaye. Ba zan faɗi abin da ke damunta ba don amana ce. An gaya mana a horo cewa ciwon damuwa bayan haihuwa gaskiya ne kuma yana da yawa, ba rashin tawakkali ba ne ba kuma lalaci ba, kuma uwar da ke cikinsa ba ta da ƙarfin amsa wa jariri komai son da take masa. A Pakistan, a karkarar Rawalpindi, wani likita Atif Rahman da abokan aikinsa sun horar da matan da ke aikin lafiya gida-gida su riƙa zama da masu ciki da masu jego da ke da wannan ciwo suna taimaka musu su sauya yadda suke kallon matsalolinsu, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2008. Wata 6 bayan haihuwa, kashi 23 cikin ɗari ne ke da ciwon har lokacin a cikin waɗanda aka yi wa wannan zama, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 53. Mu ba a ba mu irin wannan horon ba, iyakarmu mu saurara mu kuma haɗa ta da asibiti, haka na yi, da izinin mijinta na raka ta. Amma in da za a tambaye ni abu ɗaya da ya kamata a ƙara wa masu ziyara a ƙasar nan, wannan ne, don kusan kowace a cikinmu tana da irin wannan gida a jerinta.

Sai yunwa. Muna yawo da ɗan tef ɗin awon damtse mai kala uku, in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5 ga yaron da ya kai wata 6, ba maganar wasa a ranar, tamowa ce mai tsanani, asibiti za a nufa. Kuma ko bai kai ja ba, yaron da ya wuni da ruwan koko tsararo ba ya da kuzarin jera gwangwani. Muna faɗa musu a zuba ƙuli ko garin gyaɗa ko waken suya a kunu, a ba shi ƙwai in an samu, zogale, ɗan manja a faten, amma wani lokaci kina faɗa kina jin nauyin bakinki don kin ga tukunyar gidan. A nan maƙwabtanmu Nijar an gwada wannan a aikace. Gwamnati ta riƙa ba matan gidaje marasa ƙarfi sefa dubu 10 duk wata har shekara 2, a wasu ƙauyukan Dosso da Maraɗi kuma aka ƙara da tarukan faɗakarwa da ziyarar gida kan reno. Patrick Premand da Oumar Barry da suka yi binciken sun tarar faɗakarwar ta gyara yadda iyaye ke ciyarwa da kula da lafiya da wasa da yara, an kuma samu ɗan ci gaba a halayyar yaran da mu'amalarsu, amma tsayinsu da nauyinsu da kaifin fahimtarsu ba su motsa ba. Kuɗin shi kaɗai kuma ya gyara cin gidan amma bai kai ga kwanon yaran yadda aka so ba. A Jigawa da Zamfara kuwa, shirin da ya riƙa ba mata naira 3,500 duk wata tun daga ciki har yaro ya shekara 2 haɗe da faɗakarwa kan ciyarwa ya rage tsumburewa. Ni abin da na fahimta daga waɗannan, kuma idona ya gani, jakata ba ta maye gurbin abinci, abinci ma ba ya maye gurbin jakata, duk mai tsara shiri da ya zaɓi ɗaya don ya fi araha ya sani rabin aiki ya ɗauka.

Muna da mai duba mu, takan biyo ki ziyara ba tare da dogon shiri ba, ta zauna gefe da takardarta ba ta cewa uffan, sai kun fito kun yi nisa da gidan sannan ta ce minti nawa kayan wasan suka yi a hannunki, minti nawa a hannun uwar, sau nawa kika yaba. Da farko gabana faɗuwa yake in na gan ta, daga baya na zo ina nemanta da kaina, don ba wanda ke ganin bayansa. Watannin da aka samu tsaiko ba ta fita saboda ba kuɗin mota, kowa a cikinmu ta shaida ziyara ta fara gajarcewa, awa ta koma rabi, rabin ma gaisuwa da hirar unguwa. Alawus ɗinmu ma ɗan kaɗan ne kuma yakan makara, wasu ƙwararru a cikinmu suka bari suka koma sana'arsu, ba kuma mai ganin laifinsu. Sai dai duk gidan da aka canja wa mai ziyara kamar daga farko aka fara, don matar da ta saba da ke ta buɗe miki cikinta ba za ta yi wa baƙuwa haka a sati biyu ba.

Wannan ba matsalarmu mu kaɗai ba ce, binciken ma ya nuna. A Kolombiya an ɗauki tsarin Jamaika aka ba matan unguwa su yi shi a garuruwa 96, da aka gama an ga ci gaba a fahimtar yaran, amma da aka koma bayan shekara 2 ba a ƙara ganin bambancin ba. A Amurka akwai shirin David Olds da ya faro a garin Elmira a 1977, inda nas-nas ke ziyartar masu cikin fari marasa ƙarfi har yaro ya shekara 2, an ga raguwar cin zarafin yara da sakaci da su ko bayan shekara 15, amma da aka kai shi Ingila aka gwada a kan 'yan mata masu ƙananan shekaru sama da 1,600, sakamakon 2015 bai nuna wani ƙari ba a manyan abubuwan da aka auna, irin su nauyin jariri da shan taba da saurin sake ɗaukar ciki, wataƙila don can dama kowace mai jego tana da ma'aikaciyar lafiya da ke zuwa mata gida. Don haka in wani ya ce muku ziyarar gida tana aiki, ku tambaye shi wace iri, wa ke yi, sau nawa, wa ke duba mai yin.

Maganar sau nawa ɗin ce ma ta taso mana kwanan baya, aka ce kuɗi ya ja baya, ana so a ƙara yawan gidaje a mayar da ziyarar wata-wata. A taron na ce ranku ya daɗe wannan an riga an gwada shi, a Jamaikan dai Christine Powell da Grantham-McGregor sun buga a 1989 cewa amfanin yana bin yawan zuwan ne, ta sati-sati ta fi, ta sati biyu ta biyo baya, ta wata-wata kusan ba a ga komai ba, gara gidaje kaɗan a yi musu da kyau da a cika takarda da sunaye. Mai duba mu ta kawo wata mafita daga binciken jihar Odisha ta Indiya da aka buga a 2020, inda aka kwatanta ziyarar gida da tara iyaye mata rukuni-rukuni duk sati, aka tarar amfanin kusan ɗaya ne, kuɗin rukuni kuma dala 38 ga kowane yaro a shekara, na ziyara dala 135.

Yanzu haka abin da muke gwadawa kenan. Wata Hajiya mai faɗin tsakar gida ta ba mu wuri, mata bakwai takwas masu yara sa'annin juna suna haɗuwa da hantsi bayan an gama aikin safe kafin a ɗora na rana, kuma akwai abin da rukuni ke yi wanda ni kaɗai ba na iyawa, in mace ta ga ɗan maƙwabciyarta yana nuna hanci da kunne sai ta koma gida da himma. Amma zuwan ba ya cika, ranar suna ko rasuwa ko kasuwa sai ki ga mutum uku. Waɗanda mazajensu ba sa bari su fita, da masu ɗan fari da ba za su iya wasa a gaban jama'a ba, da irin ƙanwar nan tawa mai damuwa, su ba sa zuwa sam, kuma su ne suka fi buƙata. Su muka cire daga lissafin rukuni muka bar su a jerin ziyarar sati-sati, muka raba su a tsakaninmu gwargwadon kusancin gida.